Mama Martha da Kunnuwan 'Ya'yan Ruga

Kullum da sassafe, kafin jirgin ƙasan Jos ya yi kuka a tashar Kafanchan, Mama Martha Kumai ta riga ta share ɗakin shan magani na ƙauyenmu, ta ɗora allurai a wuta su tafasa. Sai ta zauna bakin ƙofa ta jira Yelwa, Bafulatana mai tallar nono, su gaisa, su taɓa gardama. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta huta.

A 1971, da annobar amai da gudawa ta shigo, aka aiko mana da allurar rigakafi. Mutanen gari suka yi layi. Amma daga rugar Arɗo Yuguda, mijin Yelwa, ko mutum ɗaya bai zo ba. Sau uku Bartholomew mai yin allura yana hawa keke ya je, sau uku yana tarar da bukkoki babu yaro ko ɗaya.

Kanmu ya ɗaure. Wasu suka ce addini ne, alhali Musulmin gari sun karɓa. Wasu suka ce tsoron allura ne, alhali mutanen nan da ƙafarsu suke kora shanu wurin malaman dabbobi a yi musu. In an tambayi Arɗo sai ya ce, "To, madalla, muna tafe." Ba ya zuwa. Ana cikin haka aka binne yara biyu a rugar, ga shi ran Juma'a mota za ta wuce Zangon Kataf da sauran maganin.

Ran Laraba Yelwa ta zo da 'yarta Adama a goye, an naɗe kan yarinyar da ƙyalle tam, ga zafi.

Mama Martha ta ce, "Ƙawa, ciwon kunne take yi?"

"Lafiyarta lau. Ɓoyewa na yi."

"Wa kike ɓoye wa?"

"Ku mana! Saniya in an yi mata allurar gwamnati, ba tsaga mata kunne ake yi ba? Wa zai auri mai tsagaggen kunne?"

Ashe shaidar da malaman dabbobi ke yi wa shanu ce ta kori yara daji.

Washegari Mama Martha ta bi Bartholomew har rugar. Ita da ke shugabar zumuntar mata a majami'a, ta tuɓe ɗankwalinta a gaban Arɗo, ta miƙa hannu aka yi mata allura. Mata suka kewaye ta. Yelwa ta ja kunnenta, ta duba ciki da baya.

"To, wannan hujin fa?"

"Na 'yan kunne ne, ja'ira! Ke naki har uku."

Aka fashe da dariya. Kafin la'asar an fito da yara daga cikin dawa, an yi musu allura. Mama Martha ta kuma tsaya sai da ta ga an ɗora ruwan sha a wuta ya tafasa.

Mama, ke ce kika tambaya, sa'ad da mu masu ilimi muke ta ba da amsa. Har yau na kasa gane yadda mu malaman makaranta da fasto da likita muka yi mako uku muna kallon goyon masu tallar nono da ƙyalle a ka, babu wanda ya ce me ya sa.

Mun gode, uwa mai sauraro. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu tasowa, kafin ku kira mutum jahili, ku zauna ku tambaye shi abin da yake tsoro.

Adama tana aji biyu a makarantarmu yanzu. A layin gaba take zama, kunnuwanta biyu cif.