Dattijo da Farantin Sola

A harabar ofishin da gwamnati ke raba wa masu ƙaramin ƙarfi farantan sola, wani dattijo yana tsugune gefen kekensa. Gajere ne, gemunsa fari fat, yatsunsa duk baƙin mai irin na masu gyaran keke. Farantin da ya samu yana jingine da bango, shi kuwa sai goge shi yake da hularsa kamar mai share wa jika fuska. Bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ina kallonsa ina raya cewa akwai wata tsohuwa a gida da zafi ya hana ta sakat, wadda ya daɗe yana yi wa alkawarin fanka.

Can sai ga shi yana tuɓe babbar rigarsa, yana lulluɓe farantin ruf a bayan keke.

Wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga tana dariya. "Baba, ai rana ce abincinsa! Bar shi ya sha."

"Na sani, 'yata," in ji shi, yana ƙara tamke igiya. "Amma mai ɗakina ta ce kada ya ɗanɗani ranar kowa kafin ta gidanmu."