Yauwa da Ƙuli-ƙuli Bakwai

Mijina ya rasu ya bar mini ɗaki biyu a bayan makarantar da nake koyarwa a Makarfi, da 'yan kaji, da wani jan kare mai karyayyen kunne. Karen nan ba kyau, ba kunya, amma shi ne ƙyauren gidana. Ni mace ce ni kaɗai, baƙuwa daga kudancin Kaduna, kuma in ba don haushinsa ba, da ko kaza ɗaya ba ta kai mini Kirsimeti ba.

Zamanin soja ne, lokacin da ake layin sabulu da madara, in an ce a yi abu ba a tambayar dalili. Wata safiya mai shela ya zaga unguwa. Ya ce mahaukacin kare ya ciji mutum a wajen Dandamisa, don haka nan da kwana tara malamin dabbobi zai yi wa karnuka allura a ƙofar gidan mai unguwa. Duk karen da ba shi da takardar allura, harbe shi za a yi.

Matsalar ita ce, karena ba ya ɗauruwa. Tun yana ɗan kwikwiyo wani mugu ya shaƙe shi da igiya, daga ranar ko igiyar guga ya gani sai ya yi haƙora waje. Marigayi ma da ƙarfinsa ya gwada, ya sha cizo. In na ɓoye shi a harbe, in na kai shi ya ciji malamin dabbobi a ce shi ma ya haukace. Gaba kura, baya siyaki.

Abu ɗaya na sani game da shi: zai iya sayar da uwarsa a kan ƙuli-ƙuli. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai na fara tun yammacin nan. Na zauna a kan turmi, na riƙe ƙuli-ƙuli a kan gwiwata. Da ya ɗora haɓarsa a wurin, sai na ce, "Yauwa," na ba shi. Ban zaɓi kalmar ba, ita ta fito, yadda take fitowa in ɗalibi ya karanta daidai.

A kwana uku ya gane cinikin. Zai ɗora haɓa ya yi tsit, ba zai ɗaga ba sai ya ji yauwa. Daga nan na fara shafa wuyansa, na koma tsunkule fatar, na koma taɓa shi da tsinken tsintsiya. In ya janye kai sai na tsaya, ba faɗa, ba duka, har ya dawo da kansa. Ban taɓa ce masa yauwa hannuna ba komai ba. Duk da haka na san tsinke daban, allura daban.

Ranar ta zo, ƙuli-ƙuli bakwai suka rage mini a bakin zane. Ƙofar gidan mai unguwa ta cika da kuka da ƙura, ana ta jan karnuka da igiya suna turjewa. Can gindin darbejiya wani mai kaki na tsaye da bindiga, ban yarda na sake kallonsa ba. Mai unguwa yana zaune a kan buzu da dattawa. Dattijo ne mai tsantseni, in karena ya gifta har tattare rigarsa yake yi.

Da aka zo kanmu na zauna a kan wani dutse, karena ya ɗora haɓa. Malamin dabbobi ya matso da allura, ya ce, "Yauwa, Malama, riƙe shi haka."

Kare ya ɗaga kai, ya juyo yana neman hakkinsa.

Nan take na gane wautar da na yi. Duk kalmomin Hausa ban ga wadda zan ɗauka ba sai wadda ba a yin numfashi biyu ba a faɗe ta ba. Na ba shi ɗaya, don in na hana shi yau ba zai sake yarda da ni ba. Ya mayar da haɓa. Sai ga wani manomi daga Gubuchi ya jingine keke ya durƙusa gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Sannunku da aiki."

"Yauwa, sannu!" in ji mai unguwa. "Yauwa, yauwa," in ji dattawa, kowa da tasa.

Kan karena ya yi ta sama da ƙasa kamar na ƙadangare, ni kuma ina ta biyansa. Kafin manomin ya gama tambayar gida da gona, ƙuli-ƙuli ɗaya ya rage mini. Malamin dabbobi ya gaji, ya ce, "Malama, akwai mutane a bayanki. A kawo igiya kawai."

Na san in igiya ta fito, karena ya mutu. Amma yaya mace, baƙuwa, za ta ce wa dattawan gari su daina amsa gaisuwa? Ban san lokacin da na rarrafa gaban buzun ba.

"Baba, ranka ya daɗe, ina neman alfarma. Don Allah kada kowa ya ce yauwa sai an gama. Karen nan ya ɗauka da shi ake."

Wasu suka tuntsire da dariya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai unguwa ya dube ni, ya dubi karen.

"Ikon Allah," ya ce. "Yau kare ya hana mu gaisuwa. To, kun ji abin da 'yata ta ce. Kowa ya kama bakinsa."

Na koma kan dutsen. Na buga gwiwata, karena ya yi jim, sannan ya zo ya ɗora haɓa. Wurin ya yi tsit. Na tsunkule fatar wuyansa yadda muka saba, malamin dabbobi ya soka allura ya zare. Na ji tsokarsa ta ƙame a ƙarƙashin hannuna, amma bai motsa ba.

An gama, yana nan yana jira, ya kafe ni da ido. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita, hawaye ne kawai ke zuba. Sai na ji mai unguwa daga kan buzunsa, a hankali:

"Yauwa."

Karena ya ɗaga kai, na kwance bakin zane na ba shi na ƙarshen.

Ya ƙara shekara shida yana tsaron kajina. Mai unguwa bai taɓa taɓa shi ba, bai kuma daina tattare rigarsa ba. Amma har ya bar duniya, in ya biyo ta ƙofar gidana na ce, "Sannu da zuwa, Baba," sai ya saci kallon karen, ya ce, "Madalla, 'yata."