Akuyar da Ta Jira Ni a Kagoro

Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Tun ina yaro a rumfarmu ta citta a kasuwar Kafanchan Baba ke cewa kamar akwai ƙaya a kujerata. Shi kuwa zama ne rabin sana'arsa. Da damina, lokacin da babu ko ƙwayar citta ta saye, sai ya hau babur ya tafi Kagoro, ya wuni a gidajen manoma yana tambayar lafiyar yara da ta gona. Da yamma ya dawo da ɗan ƙullin acca ko kwalbar zuma, wani lokacin ma hannu rabbana. Ni a wurina ɓarnar mai ce kawai.

Manoman nan Kiristoci ne, mu Musulmi. Tun kafin a haife ni akwai abin da aka saba: in za su yi taro, aure ko Kirsimeti ko biso, wato jana'iza, sukan ware dabba guda su kira Musulmi ya yanka, don baƙinsu Musulmi su ci hankali kwance. A gidan wata dattijuwa da muke kira Mama, shugabar zumuntar mata a cocinsu, Baba ne mai wannan yanka shekara da shekaru. Yana da wata wuƙa mai ƙotar katako da yake naɗewa a tsumma ya cusa ƙarƙashin kujerar babur. Cittar matan unguwar kuma ta hannun Mama take fita. In ta ce a sayar wa wane, magana ta ƙare.

Da Baba ya rasu, Mama da mijinta suka zo gaisuwa kwana uku a jere, suna zama a tabarma a ƙofar gidanmu. Rumfa ta dawo hannuna. Wuƙar kuwa na jefa ta a durowa na manta.

Ina da nawa tsarin, ai. Na buga kati mai sunana da lambar waya, na shiga kowane guruf na 'yan kasuwa da na ji labarinsa, na riƙa zirga-zirga zuwa Abuja taron bita na masu fitar da kaya waje. A gaisa, a yi murmushi, a ɗauki hoto, a yi musayar kati. In dawo aljihuna cike da sunayen mutanen da ba za su gane ni ba in mun haɗu gobe a tasha. Duk da haka ji nake ni ne na fahimci zamani, Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa a kan bencin mutane.

Ana haka mijin Mama ya rasu. Su ba sa gaggawar biso. Sukan kai gawa mutuware, a jira 'ya'ya su taru daga inda suke aiki, sannan a sa rana. Babban ɗanta ya kira ni a waya.

"Ɗan'uwa, ran Asabar ne biso. Mama ya ce ka zo da wuri."

Na ce in sha Allahu. Amma wannan Asabar ɗin ce ake wani taro a Abuja, kuma an ce wani babban mai fitar da citta zai halarta. Ban yi dogon tunani ba. Na rubuta saƙon ta'aziyya mai tsawo, na haɗa da hoton fure, na tura. Har na yaba wa kaina da iya tsara magana.

Taron ya yi mini daɗi. Mutumin ya riƙe hannuna ya ce yana son tirela guda ta busasshiyar citta a watan Janairu, in na cika, kowace shekara ni ne nasa. Daga Abuja har Jere bakina bai rufu ba don murna.

Janairu ta zo, na tattara abin da na samu a kasuwa, ya kai rabin tirela. Sauran rabin na matan Kagoro na sa wa rai, kamar kowace shekara. Sau uku ina kiran ɗan Mama a satin, amsarsa ɗaya: "Ka zo ka ga Mama." Haushi ya kama ni. Wai a wannan zamanin sai mutum ya taka da ƙafa kafin a ɗora masa buhu a mota? Ranar Alhamis tirela ta iso ta tsaya a bakin kasuwa, direba ya ce da azahar zai tashi, ko a cike ko ba a cike ba. Na figi babur.

Ina shiga unguwar ƙamshin citta ya tare ni, an tsaga an shanya a kan duwatsu. A barandar Mama ga buhuna nan a ɗinke, an jera har kusa da rufi. Ita kuma tana zaune gindin mangwaro, ta rame.

"Sannu da zuwa, yarona. Ka zauna."

"Mama, ba zama na zo yi ba, mota na jira."

"Ka zauna."

Na ɗosana a gefen benci. Na yi mata gaisuwar rashi a gurguje.

"Na ga saƙon ka," ta ce. "Yayan ka ya karanta mini. Har da fulawa a kai. Ya yi kyau."

Sai ta nuna wata jar akuya da ke ɗaure jikin turke.

"Ka ga wannan? Shi ne na biso. Mun ajiye ma mutanen kasuwa. Mun jira ka har rana ya yi tsaka. Fasto ya ce a kira wani, Musulmi suna nan da yawa. Na ce a'a, yankan gidan nan yana da mai shi. Abokan baban ka sun zo, tsofaffi biyu, sun ci shinkafa haka, ba nama. A bison mijina. Na ji kunya, yarona."

Ni ma kunya ta rufe ni. Amma in faɗi gaskiya, ko a lokacin rabin idona na kan buhunan nan.

"Ki yafe mini, Mama. Ran Asabar zan dawo in yanka. Yau dai a ba ni cittar."

"Citta ba zai gudu ba. Wani ya zo daga Jere sau biyu, ban ba shi ba. Amma ba na buɗe kaya akuyan bison mijina yana ɗaure. Ka je ka kawo wuƙan gidan ku, ka kawo tsofaffin nan, su ci. Daga nan mu yi magana."

Raina ya ɓaci sosai. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Waya na ta ruri a aljihuna, direba ne. Na duba agogo na ga ko tashi sama zan yi, yanka da fiɗa da girki ba za su ƙare kafin azahar ba. Na so in ce mata wannan zalunci ne. Da na kalli akuyar sai na ga igiyar ta cinye gashin wuyanta, ta yi zobe. Wata biyu ke nan suna ciyar da ita saboda ni.

Na koma Kafanchan. Na wuce ta gaban tirela, direba yana danna mini ham, na tsaya na kira mutumin Abuja na gaya masa rabi ne a hannu. Ya ce shi ba ya cinikin rabi, ya kashe wayar. Daga ranar bai sake ɗaga kirana ba. Na sa aka sauke kayan, tirela ta tafi wayam ina kallo, zuciyata na tafasa. Cittar shekarar nan kaɗan-kaɗan na sayar da ita a rumfa har damina ta kusa.

Wuƙar ta yi tsatsa a durowa. Na ɗauko tsofaffin biyu a keke napep, ni ina gaba a babur. A dutsen ƙofar gidan Mama na durƙusa na wasa ta, ɗaya daga cikinsu yana tsaye a kaina yana cewa ba haka babana ke riƙe ta ba. Na fuskanci gabas, na yi bismilla, na yanka.

Sai bayan la'asar abinci ya sauka. Mama ta zuba wa tsofaffin da hannunta, ta tsaya a kansu har suka kai loma ta farko baki. Sannan ta koma bencinta ta zauna, ta share ido da bakin zani.

"To," ta ce, "yanzu na gama binne mijina."