Shekarar da Muka Rage wa Goɗiyar Baba Gero

A unguwarmu ta Kabara, duk mai doki ingarma yake ɗaurewa. Mahaifina kaɗai ke da goɗiya, kuma ya sha tsiya a kan haka wajen abokansa na majalisa. Sukan ce me dattijo kamarsa zai yi da dabbar da ba zai hau ya ratsa gari da ita ba. Shi kuwa sai ya ci gaba da ɗinkin sirdinsa, don sana'arsa ke nan, ya ce ba don hawa ya ajiye ta ba. Gaskiya ya faɗa. Jinin goɗiyar da kakanmu ya shigo Kano da ita daga Barno ce, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi 'ya, har aka zo kanta. Ita ce ta ƙarshe.

Ja ce mai farin goshi, shekarunta goma sha bakwai a lokacin. Sau biyu ana kai ta baye, a haɗa ta da namiji, ba ta ɗauka ba. Baba bai taɓa cewa abin yana damunsa ba. Amma na sha ganin ya ajiye allura da la'asar, ya tsaya a bakin turke yana kallonta, har a kira magariba.

Ni dai ba na son barga, in faɗi gaskiya. Warinta yana bin riga har ofis. Sai dai wannan tsayuwar ta Baba ta fi warin damuna, don haka na shiga tambaya ta waya wajen masu sukuwa. Aka kwatanta mini wani Alhaji mai gona a bayan Kabuga, yana da ingarma jinin Larabawa wanda ya yi tashe a tsere. Na je na gan shi: fari, ƙaramin kai, faffaɗan hanci, yana tafiya da wutsiya a ɗage kamar ya san kallonsa ake yi. Alhajin ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce ba goɗiyar da za ta matso kusa da dokinsa sai likitar haihuwar dabbobi ta duba ta. Raina ya ɓaci. Goɗiyar tamu za a yi wa gwaji kamar mai neman biza? Na haɗiye, na karɓi lambar wayar likitar.

Kafin likitar ta samu zuwa an yi wata biyu, kuma a wata biyun nan Baba ya yi abin da ya taso ya ga ana yi. Goɗiyar da za a kai baye kiwata ta ake yi, kada gidan mai ingarma su ce da yunwa ake riƙe da ita. Gero safe da yamma, dusa da kanwa, harawa dami guda, har dabino yake cire wa ƙwallo ya ba ta. Ta yi ɓul-ɓul tana sheƙi, shi kuma yana ta jin daɗi.

Likitar ba ta kai ni shekaru ba. Mota ba ta shiga lungunmu, sai ga ta a ƙafa da dogon takalmin roba, tana rungume da akwatin na'ura. Ta durƙusa ta gai da Baba, sannan ta danna yatsunta a haƙarƙarin goɗiyar, ta sake dannawa. Da ta fara zura doguwar safar hannu, Baba ya sulale zaure. Kunya yake ji, kamar 'yarsa ta cikinsa za a duba.

Da ta gama ta same shi a can. Ta ce, “Baba, mahaifarta lafiya lau. Amma ƙiba ta yi mata yawa, ga kuma shekaru. In ba ta rage ƙiba ba, da wuya ta ɗauka. A raba geron nan biyu, a daina dabino, a riƙa zagayawa da ita kullum da safe.”

Baba ya ce, “Likita, yunwa kike so in sa mata?”

“Ɗa nake so ta haifa maka, Baba.”

Washegari Baba ya raba geron biyu. Ban taɓa ganin abin da ya yi masa wuya kamar rabin mudun nan ba. Goɗiyar takan gama cikin ɗan lokaci, ta ɗago kai ta yi masa ƙaramar haniniya, shi kuma ya kau da fuska. Rana ta shida na kama shi. Hannunsa na cikin aljihu, bakinta na bin hannun. Na yi masa faɗan da har yau nake jin nauyinsa. Na ce na bar aikina ina yawon gonakin mutane, shi kuma yana rushe komai da gero tafi guda. Ya bar ni na gama, ya zazzage aljihun a tafin hannuna, ya ce, “Ka yi gaskiya. Ba ta san dalili ba ne, shi ya sa.”

Daga ranar bai sake ba. Kullum in gari ya waye sai ya kwance ta, su bi lungu su fita titi, su yi dogon zagaye su dawo. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da lalacewa, amma ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi. Mutanen unguwa suka saba da ganinsu, tsoho na ɗingishi, goɗiya na rage sauri don kada ta wuce shi.

Bayan wata uku likitar ta danna haƙarƙari ta yi murmushi. Ita ta zaɓi ranar da ta dace. Ni na raka goɗiyar gonar Alhaji a motar ɗaukar dabbobi, don Baba ya ce ba ya zuwa irin wannan wuri. Da na dawo da ita bai tambaye ni komai ba, ruwa kawai ya ɗebo mata.

Kwana goma sha shida bayan haka likitar ta dawo da na'urarta. Wannan karon ta hana Baba tafiya zaure, ta juyo masa da ɗan allon. Wani baƙin ɗigo ne zagayayye, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce, “Ga shi nan, Baba. Ta ɗauka.”

Ya matso, ya goge idonsa da bakin rawani, ya daɗe yana kallo. Ya yi hamdala a hankali, sannan ya tambaye ta wata nawa za a jira, ko da yake ya fi ta sani. Ta ce goma sha ɗaya. Na ga yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare hannu biyu, ya koma kan babban yatsa ya tsaya a nan. Sai ya dubi gwiwarsa, ya dube ni.

Ya ce, “Gobe da safe ka fito mu tafi tare. Akwai wata kwata da take tsoro, sai an yi mata magana take tsallakawa. Gara ka ji abin da nake ce mata.”

Na gane abin da yake nufi, kuma ban so na gane ba. Na ce ai shi zai ci gaba da zagayawa da ita har ta haihu.

Ya ce, “In sha Allahu. Amma ka fito.”

Da safe na fito. A bakin ƙofa ya miƙo mini igiyar, shi ya bi bayanmu da sandarsa.