Rigar da Mai-wuya ta ɗinka wa kanta

Shekara ashirin da uku ta yi a wani kamfani da ke ɗinka kayan 'yan makaranta, kuma duk tsawon shekarun nan aikinta ɗaya ne, ɗora wa riga wuya. Su goma sha huɗu ne a layinsu. Wannan ta haɗa kafaɗa, waccan ta sa hannu, kafin rigar ta iso gabanta ta bi ta hannun mutum shida. Ita kuma ta ɗora wuyan, ta tura wa ta gaba mai maɓalli, ta jawo wata. Daga nan aka sa mata suna Mai-wuya. Abokan aikinta kan tsokane ta su ce sunan ya dace da ita ta kowace fuska, don ba ta taɓa zuwa aiki ba tare da wata wahalar gida ta rako ta ba. Takan yi murmushi kawai, ƙafarta na kan keken ɗinki.

Da kamfanin ya kawo sababbin injuna, aka sallami rabin layin, har da ita. Ba a yi wata huɗu ba mijinta, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa tankar ruwa, ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo. Ya tashi da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, maganarsa ma sai wanda ya saba da shi yake gane ta. 'Ya'yansu maza biyu suna can nesa wurin neman na kansu, sai dai a ji su ta waya. Auta kuma, mace ɗaya tilo, tana makarantar koyon aikin jinya, a can take kwana. Saboda haka komai ya dawo kan Mai-wuya.

Ɗaki biyu suke haya a saman wani tsohon bene, tagarsu na kallon shagon mai walda. Da sassafe za ta ɗaga mijin, ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta canza zanen gado. Ta ba shi shayi cokali-cokali, ta jira ya haɗiye. Ta sauka ta ɗebo ruwa, matakala goma sha tara, ta sake sauka ta sake hawa. Kafin ta gama wanki lokacin juya shi ya yi, don likita ya ce kada a bar shi a gefe ɗaya fiye da awa biyu. Tsohon keken ɗinkinta na takawa, wanda ta saya tun tana da ƙarfi don facin kayan yara, ya zama teburin ajiye magunguna.

Wata Asabar Auta ta zo gida da leda a hannu. Ta gaishe da mahaifinta, ta duba masa baya da dugadugai kamar yadda aka koya musu, sannan ta zazzage ledar a cinyar uwarta. Yadi ne shuɗi mai duhu, an zuba masa furanni ruwan ƙwai, kowane fure da karansa da ganye biyu, duk kansu na kallon sama.

"Mama, saura mako uku a yaye mu," in ji Auta. "An ce kowa ya zo da iyayensa. Ga wannan, yadi biyu da rabi ne, ki kai wa tela ya yi miki rigar fita mai kyau. Ki sa ta da baƙin siket ɗin nan naki."

Mai-wuya ta shafa yadin. Rabonta da sabon tufafi tun kafin a sallame ta.

"Tela?" ta ce. "Ni da na tsufa a kan keke, a ce na kai wa tela? Ni zan ɗinka abata."

"Yaushe za ki samu sukuni, Mama?"

"Ke dai ki je ki yi karatunki."

Sai da Auta ta tafi, ta shimfiɗa yadin a ƙasa da almakashi a hannu, sannan ta tuna abin da bakinta ya riga ta faɗa. Ba ta taɓa yanka riga ba. A kamfani yankakku ake kawo musu, ɗaure-ɗaure, daga wani ɗaki da ba ta taɓa shiga ba sai in za ta karɓi saƙo. Ta san wuya kamar tafin hannunta, ko idonta a rufe za ta ɗora shi daidai. Amma yadda ake fitar da gaba da baya da hannu daga shimfiɗaɗɗen yadi, wannan ba ta sani ba. Ta naɗe yadin ta mayar cikin leda, ya kwana biyu a nan.

A rana ta uku ta ɗauko wata tsohuwar rigarta da take jin daɗin zamanta a jiki, ta zauna ta farke ɗinkin da reza, zare bayan zare. Ta goge kowane ɓangare, ta ɗora a kan tsofaffin jaridu, ta zana, ta yanke. Wannan kaɗai ya ci mata kwana huɗu, don ba ta samun zama sai bayan azahar, in mijin ya ɗan yi barci. Wata rana ta samu rabin awa, wata rana da ta zauna sai ta ji ya kira. Ta kwashe magunguna daga kan keken ta jera a taga, ta ɗiga masa mai, ta ɗaure bel ɗin da ya saki. Zura zare a allura ma ya zama aiki. Sai ta kai fuskarta kusa, ta gyara tabarau, ta lashi bakin zaren, ta gwada sau biyar, sau shida.

Gaban rigar ya yanku lafiya. Ta yi ta murna a ranta, don ta daidaita yadda babban fure ɗaya zai zauna a tsakiyar ƙirji. Washegari ta zo yanka baya. Ta ninke yadin, ta ɗora jaridar, ta fara kafa allurai, sai ta ji kofi ya faɗi a ɗaki. Mijin ne ya miƙa hannun hagu zai sha ruwa ya ture shi, ruwan ya jiƙe shi har katifa. Ta canza masa kaya, ta ja shi gefe, ta shimfiɗa leda da wani zane. Da ta dawo, iskar taga ta ɗage jaridar ta karkace. Ta gyara ta da sauri, ta kafa sauran allurai, ta sa almakashi.

Sai da ta ɗaga yankin ta haɗa shi da gaba ta ga abin da ta yi. Furannin gaba na kallon sama, na baya duk sun sunkuya, karansu a sama, kansu a ƙasa.

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna dirshan a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta jingina da bango, tana jin ƙarar injin mai walda har cikin haƙoranta. Abin da ya rage na yadin bai wuce na dogayen hannuwa biyu ba. Ta daɗe a haka, har mijin ya kira ta.

"Maman Auta, me ya faru? Na ji shiru."

Ta kai masa yankin biyu ta nuna masa. Ya kalle su da kyau, ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Na baya sun gaji ne," ya ce a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. "Ki bar su su huta."

Dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba. Shi kuma da ya gama tasa sai ya kawar da kai wajen bango, ya ce, "Ni na jawo miki." Ta ce masa iska ce, ba shi ba.

Akwai wata tsohuwar abokiyar aikinta da ta yi shekaru a ɗakin yanka, ana ce mata Mai-almakashi. Ta girme ta da kusan shekara goma, yanzu tana zaune a gidan ɗanta bayan tashar mota, tana renon jikoki. Mai-wuya ta roƙi maƙwabciyarta ta ƙasa ta riƙa leƙa mata mara lafiya, ta naɗe yadin ta tafi da ƙafa.

Ta same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan sun gaisa sun tambayi juna ciwon gwiwa, ta buɗe ledar.

"Yaya, kin ga abin kunyar da na yi."

Mai-almakashi ta share hannu ta karɓa. Ta juya yankin, ta auna ragowar da kamu, ta sake aunawa.

"Wannan ne abin kunya? Ni na taɓa kifar da ninki arba'in a yanka ɗaya. Ba wanda ya sani sai ni da Allah, da yaran wata makaranta da suka yi shekara suna yawo da tambari a kife." Ta shimfiɗa ragowar a kan tabarma. "Ga baya a nan, zai fita, in ba ki yi masa yalwa ba. Wannan da kika ɓata kuma ki juya shi, ki fitar da hannuwa daga cikinsa. Sai dai gajeru ne, iyakarsu gwiwar hannu."

"Dogaye nake so, Yaya. Dubi hannuna yadda ya zama."

Ta nuna mata damtsenta zuwa wuyan hannu, jijiyoyi sun fito, fatar ta yi fari-fari saboda sabulu.

"To, ki zaɓa, ko a ga hannunki ko a ga furanninki a kife. Ni dai in ni ce, hannun da ya yi aiki ba na ɓoye shi."

Mai-almakashi ta ɗauko almakashinta na kamfani, wanda har yanzu take naɗe shi a tsumma, za ta yanka mata. Mai-wuya ta riƙe mata hannu, ta ce ta dai zana mata da alli, ita za ta yanka. Tsohuwar ta kalle ta, ta miƙa mata almakashin. A nan kan tabarma ta yanke baya da hannuwa, jikokin na tsaye a kanta suna kallo.

Ɗinkin ya ɗauki sauran kwanakin duka. Hannun hagu ya tattare a kafaɗa, ta farke ta sake har sau uku. Zif ɗin baya ya kumbura, ta cire shi ta fara kama shi da ɗinkin hannu kafin ta bi da keke. A gefen dama furannin sun haɗu daidai, a gefen hagu sun saɓa da kamar faɗin yatsa, ta dube su ta ce su zauna haka. Bayanta na ciwo, idonta na ruwa. Wata rana ta farka ta ga goshinta a kan keken, allura na tsaye a tsakiyar kalmasa, la'asar har ta wuce. Da ta zo wuyan kuwa, zagayayye ta yi shi da siririn baki, ta gama cikin minti goma, ko tunani ba ta yi ba.

Ranar taron maƙwabciyar ta hau ta zauna da mijin. Mai-wuya ta goge rigar ta sa, ta tsaya a gabansa don madubinsu ƙarami ne, iyakarsa fuska.

"Juya," ya ce. Ta juya. Ya ɗaga babban yatsan hagu.

Ɗakin taron babba ne, kujeru masu laushi, fankoki na juyawa a sama. Aka nuna mata wurin iyaye ta zauna. Ta hango Auta can gaba cikin fararen kaya, ta ɗaga mata hannu. Shugaban makarantar ya fara jawabi, bayansa wani ya tashi, bayansa wata. Rabon Mai-wuya da ta zauna a kujera ba abin da ke jiranta, ita kanta ba za ta iya tunawa ba. Iskar fanka na sauka a wuyanta. Ta ce bari ta ɗan rufe ido kafin a fara kiran sunaye.

Tafi ne ya tashe ta. Mutane na miƙewa, ɗalibai na rungumar juna da takardu a hannu. Matar da ke gefenta ta ce, "Baiwar Allah, na so in tashe ki, sai na ga barcin ya yi miki daɗi." Ta ƙara da cewa, "Wa ya yi miki ɗinkin nan? Ina son irinsa."

"Ni na yi."

"Kina karɓar na mutane?"

"A'a," in ji Mai-wuya. "Wannan ɗin ma da ƙyar."

A waje Auta ta rugo ta faɗa jikinta, ta ja baya ta ƙare wa rigar kallo, ta zagaya ta, ta ce wallahi ko a shago sai haka. Aka ɗauke su hoto. Sai da suka shiga motar haya za su koma gida, Auta ta ce, "Mama, kin gan ni da aka kira ni? Har tuntuɓe na kusa yi a matakala."

Mai-wuya ta yi niyyar cewa e. Ta dubi takardar da ke cinyar 'yarta, ta ce, "Ban gani ba, Auta. Barci ya ɗauke ni."

Fuskar Auta ta canza. Ta juya wajen taga. Can sai ta jawo hannun uwarta ta riƙe, tana murza jijiyoyin da yatsa.

"Sai wata mai zuwa za a tura mu wurin aiki," ta ce. "Daga gobe ni zan riƙa yi wa Baba wanka. Kada in ga kin tashi."

Washegari idon Mai-wuya ya buɗe a lokacin da ya saba. Ta yunƙura za ta sauko, sai ta ji motsin bokiti a ɗaya ɗakin, da muryar Auta tana cewa, "Baba, riƙe ni da hagun, ɗaya, biyu." Ta ji shi yana ƙorafin ruwan ya yi zafi, Auta na cewa bai yi ba. Ta san ya yi, don yarinyar ba ta san yadda yake son a surka masa ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta fasa. Ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta juya wajen bango.