Baba Kar-a-Haɗa Ya Ajiye Safar Hannu

Kafin ya buɗe ƙofar wurin karɓar shara mai haɗari, kullum sai ya zagaya rumfar bayan ofis. Ya duba ƙasa ko akwai danshi, ya ƙare wa robobin garin kulorin kallo a dama, jarkokin asid a hagu, bango a tsakaninsu, don in waɗannan magungunan tafkin wanka biyu suka haɗu, iska mai guba ke tashi. Shekara ashirin da shida ke nan. Duk wanda ya kawo ragowar maganin tafkin wanka na gida, tambaya ɗaya yake fara sha: an haɗa? Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Baba Kar-a-Haɗa, har sunan yanka ya ɓace.

Direbobin motar shara kan ce ya cika ƙa'ida. Yana hana ɓare takardar jikin roba, yana nanata cewa ba a tuttula ragowar magani a kwata, ko mutum ya ji sau goma.

Bara wata dattijuwa ta bugo waya tana tambayar ƙarfe nawa ake tashi. Marigayi mijinta mai gyaran ruwan tafkin gidaje ne, ya bar mata sito cike da robobin magani rabi-rabi. Ta ce kada ya damu, ba za ta cika masa wuri ba, tana juye su a bokiti ɗaya, kamar yadda take yi da ragowar garin sabulu. Sai ya ji ta yi tari, ta sake yi.

"Inna, ajiye abin da ke hannunki ki fita. Yanzu. Bar ƙofar a buɗe, kar ki zuba ruwa."

Ta ce mayafinta na ciki. Ya ce mayafi zai jira. Bai katse wayar ba sai da ya ji ƙarar motoci a bayanta, alamar ta kai titi. Ya kira 'yan kwana-kwana, shi ma ya nufi gidan. Ya tarar da ita a dakalin maƙwabta, idanu jawur, amma numfashi ya fara daidaita.

"Malam, ko maigidana bai taɓa daka min tsawa haka ba," in ji ta.

"A yafe min, Inna. Amma gobe ma sai in ƙara."

Makon jiya, ranar da ya yi ritaya, sai ga ta da wasu robobi biyu da ta tsinta a bayan gareji, kowace a kwalinta, murfi a ɗaure. Kafin ya buɗe baki ta riga shi: "Ban haɗa ba."

Baba, kai ne mai jin tari ta waya ka gane guba. Kai ne ka yarda a ce maka mai takura, don dai mutane su koma gida da ƙafarsu. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Mu kuma da ka bari, duk mai irin waɗannan robobin a sito ya kai su wurin karɓa yadda suke, kowace daban, ta yadda in an tambaye shi zai ba da amsar Inna.