Tambayar da Gwaggo Talatu Ta Bari a Rakoda

Shekara biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Talatu, yayar babana, wadda mutanen waje suka fi sani da Dakta. Ina da shekara goma sha biyu lokacin. Ko a aji ba na ɗaga hannu, balle rubutu a jarida, amma abin da ya faru makon jiya ya hana ni yin shiru.

Gwaggo malamar jami'a ce a fannin siyasa. Aikinta bin matan da suka taɓa neman kujera, ko da ta kansila ce. Takan ajiye ƙaramar rakoda a kan tabarma, ta fara da tambaya ɗaya: "Ke 'yar ina ce?" Sai ta riƙa juya cokali a kofin shayi, tana jira.

Na tuna Hajiya Laraba, haifaffiyar Gadaka da ke aure a unguwar Yindiski. Ta ce a garin ubanta an ce ai ta yi aure, ta je ta nema a wajen mijinta. A unguwar mijin kuma aka ce bakinta ma ya nuna ba 'yar nan ba ce.

"To Dakta, ina zan tsaya? Kan kwalta?"

Suka yi dariya. Ni ina bayan labule, ina kallon yatsun ƙafar Hajiya suna murza bakin tabarma.

Ita ma Gwaggo ta sha wannan tambayar. A Turai, inda ta yi karatu, baƙar fata ce kawai. A Kano, tana buɗe baki sai a ce Hausarta ta koyo ce. A gida kuwa mace ce da boko ya yi wa yawa. Wata rana tana yi mini kitso ta ce, "Kin ga gashi kashi uku nake riƙewa? Mace, yare, da abin hannu. In na ja ɗaya, kanki duka ke zafi. Littafina ke nan gaba ɗaya."

Nakan so in ji me za ta ce da ta ga bangon unguwarmu ta Hausari yanzu. Hotunan 'yan takara sun ƙaru, har da na mata. Amma na lura na matan ake fara yagewa, kuma daga wajen baki.

Makon jiya malamarmu ta raba mana fom na neman jami'a, ta ce duk wadda ta bar gurbi ranar Litinin ba za a tura nata ba. Na cike komai sai gurbin asali. Baba ya ce in sa Gadaka, garin da sau biyu kawai na taɓa zuwa. Mama, wadda 'yar ƙabilar Karai-Karai ce, ta ce in sa inda aka binne cibiyata.

Ranar Asabar bayan azahar na shiga ɗakin Gwaggo neman biro. A cikin gwangwanin alawa na ga rakodar. Na sa mata batirin rimot, ban ma yi zaton za ta kama ba.

Muryar Hajiya Laraba ce tana sallama za ta tafi. Ƙarar silifas, ƙarar ƙofa. Sai cokali a kofi. Sannan Gwaggo, kusa sosai, kamar a bayan kunnena:

"Ke mai laɓe, na ga ƙafafunki. Ke 'yar ina ce?"

Na dubi ƙasa. Ina tsaye a gindin labulen nan dai, ba takalmi.

Wata tirela ta yi oda a babban titi, na kasa gane a rakodar ce ko a waje. Can ƙasa-ƙasa akwai numfashi, ƙarami, da sauri-sauri. Nawa ne. Sam na manta ta taɓa yi mini wannan tambayar.

"Ba komai," in ji Gwaggo. "Zan jira."

Cokalin ya ci gaba da juyawa. Ban kashe ba. Na buɗe baki na ce ni 'yar Hausari ce, jikar Gadaka, ɗiyar mace 'yar Karai-Karai, ina jin yare uku, Hausa da na Baba da na Mama, amma ina tsoron magana da kowanne. Ban taɓa yin doguwar magana haka a ɗakin nan ba.

Littafin Gwaggo yana jami'a, ban san masu buɗe shi ba. A fom na rubuta Gadaka, domin gurbin kalma ɗaya yake ɗauka, malama ta karɓa. Abin da ya rage mini na Gwaggo shi ne jiran nan nata, wanda ba ya zaɓa wa mace amsa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta.

Na mayar da rakodar baya sau uku, kalmar ƙarshe ta Gwaggo a wuri ɗaya take faɗowa kullum. Ban san me na yi a waccan ranar da ya sa ta faɗi haka ba. Amma ranar Asabar, ina rufe baki cokalin ya tsaya, ta ce, "Yauwa."